Wane Injin Kofi Zan Saya wa Baba Bayan Hannunsa Ya Shanye?

Malama, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi dariya idan kika ga abin da ya kawo ni. Na san a kan aure da karatu da rikicin wurin aiki ake rubuto miki, ni kuwa a kan injin haɗa kofi na zo. Ki daure ki karanta har ƙarshe, za ki ga ba kwaɗayi ne ya sa na ɗauki biro ba. Tun ina sakandare nake bin filinki, ban taɓa zaton wasiƙata ta farko a kan wannan za ta kasance ba.

Ni ce auta a gidanmu. Shekarata ashirin da shida, ina aiki a kantin magani. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yayana, shi ya yi aure yana gidansa, ni kuma ina tare da Baba da Mama.

Baba shekara talatin da huɗu ya yi yana yankan takarda a maɗaba'a. Injinsa na hannu ne, irin wanda ake jera tulin takarda a ƙarƙashin wuƙa, a ɗaure tam, sannan a jawo wata doguwar sandar ƙarfe, wuƙar ta sauko ta ratsa tulin kamar ana yanka sabulu. Da aka kawo na lantarki mai madanni, kowa ya koma can, shi ya ƙi. Ya ce injin da ba ya shawara da hannun mutum ba abokin aiki ba ne. Yakan ce tun wuƙa ba ta kai rabin takarda ba sandar take gaya masa ko bakinta ya dakushe. A maɗaba'ar nan ya koyi shan kofi, baƙi, mai ɗaci, sukari rabin cokali. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin safiyar da bai haɗa abinsa da kansa ba. Ko Mama ba ya bari ta taɓa, wai hannunta ya yi yawa a ruwa.

Wata tara ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mun gode Allah, ƙafa ta dawo, yana tafiya ba mai riƙe shi. Magana ma ta dawo, Mama ta ce har ta fi da kaifi. Hannun ne ya tsaya a rabin hanya. Yana ɗaga shi zuwa ƙirji, yana damƙar abu, amma ƙarfin kaɗan ne, kuma bayan hannun da yatsu biyu ba sa jin taɓi sosai. Likitar gashi da motsa gaɓɓai ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya jujjuya ta ya ce, "'Yar nan, ni na yanka littattafan da kika karanta kika zama likita, yau ni za ki ba abin wasan yara?" Ta yi dariya, mu ma muka yi, amma ƙwallon tana cikin durowa har yau. A gabansa likitar ta gaya mana cewa hannun da ba a sa shi aiki sandarewa yake yi, kuma duk watan da ya wuce yana zaune, dawowarsa ƙara wuya take.

Yanzu ga laifinmu, Malama, wanda ban taɓa gaya wa wani na waje ba. Da muka ga ya ƙi ƙwallo, sai ni da Mama muka shirya dabara. Kowace safiya kafin ya fito, Mama takan kwance murfin kwalbar kofi ta mayar da shi sako-sako, sai ni in miƙa masa in ce, Baba buɗe mana, ta gagare ni. Ya sa hannun dama ya murɗa ta buɗe, mu kuma mu hau ma sha Allah, ma sha Allah. Daga kwalbar kofi muka koma ta zuma, muka koma famfon wanka. Kusan sati uku muna haka, fuskarsa ta fara sakewa, mu ma muna ganin mun yi abin kirki. Ashe wata rana ya riga mu shiga kicin, ya gwada buɗe kwalbar shi kaɗai, ya yi ya yi ta ƙi, ya ajiye ya koma ɗaki. Mu ba mu sani ba. Da lokacin karyawa ya yi na miƙa masa kwalbar nan dai, ya taɓa ta da yatsu biyu, murfi ya faɗo. Ya ajiye ta a hankali a kan tebur, ya dube ni, ya dubi Mama, ya ce, "Tun yaushe?" Ba wadda ta iya ɗaga kai. Ya ce, "To, madalla. Kun samu jariri a gida, kuna ta yi masa tafi."

Daga ranar hannun ya shiga aljihu. Da hagu yake cin abinci, da hagu yake gaisawa yana ba mutane haƙuri. Sau uku ya ƙi zuwa gashi. Mama ce ke haɗa masa kofi yanzu, yakan karɓa ya juya fuska wajen taga ya shanye, ko ƙorafin yawan ruwan ya daina yi. Wallahi gara ya yi ta faɗa da wannan shirun.

Sati uku da suka wuce na raka shi awon jini. Likitansa ya yarda ya riƙa shan kofi ɗaya a rana, kada ya wuce. Da muka fito muna jiran mota, sai muka shiga wani ɗan shagon kofi da ke tsallaken titi. Mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, yana da inji mai doguwar sandar ƙarfe a tsaye. Yakan jawo ta ƙasa da ƙarfi, ya ɗan jira, ya saki, sai ta riƙa tashi da kanta sannu a hankali, kofi yana zuba a ɗan ƙaramin kofi, mai kauri kamar zuma. Esfireso suke ce masa. Baba yana cikin yi mini mitar tsadar mota sai ya yi tsit. Ya kalli ja na farko, ya kalli na biyu. A na uku ya ce ƙasa-ƙasa, "Ya yi gaggawar saki." Na duba, sai na ga hannun dama ya fito daga aljihu yana kan gwiwarsa, yatsun sun dunƙule, yana ja baya kaɗan-kaɗan tare da mai shagon. Bai ma san yana yi ba. Daga nan ya tashi ya je gaban kantar shagon, suka yi kusan rabin awa shi da dattijon, yana tambayarsa me ke cikin injin, me ke tura ruwan, ina ake sa masa mai. Mota biyu ta wuce mu. A hanyar gida ya manta bai mayar da hannun aljihu ba sai da muka iso ƙofa.

Tun daga ranar na ƙudurta sai na kawo irin injin nan gidanmu. Na yi ta bincike a waya har idona ya yi ja, na kuma je wajen wani mai sayar da su sau biyu. Abin da na fahimta, iri uku ne na gida. Akwai mai sifirin a ciki, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa da kansa in an danne shi an saki, ƙanin wanda muka gani a shago. Akwai wani kyakkyawa mai ƙyallin tagulla, da tukunyar ruwansa a jiki, shi hannunka ne ke danna sandar har kofin ya gama fita. Sai na uku, wanda ba ya amfani da wuta sam, kai za ka dafa ruwa a buta ka zuba masa sannan ka danna. Wasu sanda ɗaya gare su, wasu biyu kamar fikafikai. Zuciyata tana kan na farko, don shi ne ya fito da hannun Baba daga aljihu. In ba shi ba to na tagulla, don ya yi kama da injin manya. Na ukun ba na ko son kallonsa, ya yi mini kama da abin matse lemo, ina tsoron Baba ya jefa shi durowa kusa da ƙwallo.

Da na gaya wa Yaya, cewa ya yi, "Auta, taurin kan nan naki na gado ne. Ki sayi mai madanni, ya danna da hagu ya sha kofinsa cikin mutunci. In ya ja sandar nan ta ƙi sauka a gabanmu, ke za ki iya kallon idonsa? Kun riga kun karya shi sau ɗaya." Maganar ta yi mini zafi don akwai gaskiya a cikinta. Mama kuwa tuna mini ta yi cewa a watan jiya ya jingina bayan hannun da butar da aka sauke daga wuta, bai ji komai ba sai da ta ga bororo ta yi salati. Ta ce, "Ni dai ki yi duk abin da za ki yi, kada ki kawo mini abin da zai gasa mini miji a kicin ɗina."

Ga shirin da na yi. Zan saya ban gaya masa ba, in ajiye a gidan wata ƙawata na sati biyu, in riƙa biyawa bayan na tashi aiki ina koyo. Mai sayarwar ya gaya mini cewa in garin kofin bai yi laushi sosai ba, sandar ba ta yin nauyi. To zan gwada har in gano niƙan da sandar za ta sauka da sauƙi, in niƙa da yawa in cika kwalba, sannan wata safiya ya fito kawai ya tarar da inji a kan tebur. Ya ja, ta sauka, kofi ya fito. Ba sai ya san na rage mata nauyi ba. Idan hannun ya ƙara ƙarfi sai in riƙa ƙara laushin garin a ɓoye.

Malama, ban zo don ki hana ni ba. Sayen zan yi, ko Yaya ya so ko bai so ba, don ba zan zauna ina kallon hannun da ya ciyar da mu yana bushewa a aljihu ba. Ki dai gaya mini wanne zan ɗauka cikin ukun, kuma me zan kiyaye. Dama ɗaya nake da ita, in na ɓata ta ban ga ta biyu ba.

Taki,
Autar mai yankan takarda

*

'Yata,

Ban yi dariya ba. Sau biyu na karanta wasiƙarki, na biyun a tsaye. Kin kuma yi sa'ar wadda kika tambaya: shekaru na yi ina koyar da kimiyya, kuma irin injin tagullar nan da ya burge ki yana kicin ɗina yanzu haka, ga tabonsa a wuyan hannuna. Ba zan hana ki saye ba. Idonki ya ga abin da ya kamata ya gani a shagon nan. Mahaifinki ba motsa jiki ya ƙi ba, aikin da ba ya haifar da komai ya ƙi. A ba shi abin da in ya danna wani abu zai fito, a ga ko zai danna. Amma injin da zuciyarki ta zaɓa ba shi ba ne, kuma shirin da kika yi na kawo shi gida yana da rami a tsakiya. Bari mu fara da injin.

Ki cire mai sifirin daga lissafi. Na san shi ya gani, amma ki tuna yadda mai shagon ya yi: ya ja, ya saki, sandar ta tashi da kanta. Wato ba hannunsa ne ya matse kofin ba, sifirin ne. Aikin hannu a wannan injin shi ne danne sifirin mai tauri a ja ɗaya, da ƙarfi, daga sama. Ba a fara shi da kaɗan, ko ka iya ko ba ka iya ba. Wannan shi ne ainihin abin da Yayanki yake tsoro. Ga kuma haɗari: in sandar ta suɓuce daga hannu kafin ta kai ƙasa, ko aka ja ta babu gari a ciki, da gudu take komawa sama, kuma haɓar mutum ce a kan hanyarta. Masu cikakken ƙarfi ma suna kaffa-kaffa da ita, balle hannun da damƙarsa ba ta gama dawowa ba.

Na tagulla shi ne wanda zai fi shiga ran mahaifinki, ba na musu. Hannu ne ke tura ruwan tun daga farko har ƙarshe, kana jin garin yana turjewa, kana jin lokacin da ya sallama. Amma a wasiƙarki kin faɗi magana ɗaya kin wuce ta da sauri, alhali ita ce ta yanke hukunci: ya jingina da buta mai zafi bai ji ba. Tukunyar wannan injin a fili take, jikinta gaba ɗaya ya fi ruwan da ke tafasa zafi, kuma ba shi da nauyi sosai, dole hannu ɗaya ya riƙe shi yayin da ɗayan ke dannawa. Ni da nake jin zafi na ƙone, sai dai na fizge hannuna nan take. Shi ba zai fizge ba. Mamanki ta fi ku duka gaskiya a nan, ki gaya mata na ce haka. Wataƙila nan gaba, in jin taɓi ya dawo wa hannun, a sake magana. Ba bana ba.

Saura wanda kika raina. Ki sake kallonsa da kyau. Ba shi da tukunya, ba shi da waya, ba abin da zai fizge. In ka daina dannawa, shi ma ya tsaya. Matsin da yake bayarwa kuwa ba na wasa ba ne, zai iya kai na injin shagon nan, kuma hannun mutum ne ke yin sa duka. A cikinsu ki nemi mai sanda biyu, wanda ake dannawa da hannu biyu lokaci guda. Hagu zai ɗauki kaso mai yawa da farko, dama ya bi shi, kuma dama ba shi da wurin ɓuya, don aikin na biyu ne. Ki tabbata yana da ɗan agogon da ke nuna ƙarfin matsi. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu da inji ba zai raina abin da ke da allura mai nuna masa gaskiyar hannunsa ba. Ki duba gindinsa ya zama mai faɗi da nauyi, kada ya riƙa rawa. Ki ƙirga ƙananan sassan da ake harhaɗawa kafin kowane kofi, don wasu suna da tarkace da yawa, kuma yatsun da ba sa ji sosai za su gaji da su tun kafin a zo dannawa. Mafi ƙarancin tarkace shi ne naku. Ki tambayi mai sayarwa ko ana samun robar da ke hana yoyo in ta cinye, ki haɗo da guda biyu tun yanzu.

Kada ki manta da injin niƙa, don rabin aikin nasa ne. Garin kanti ba ya yi. Ki ɗauki na lantarki mai abin murɗawa da lambobi a jiki, wanda ake ƙara laushi ko a rage kaɗan-kaɗan. Na hannu zai cinye ƙarfin da kike so a kashe a kan sanda. Sai wurin ajiyewa: teburin kicin yakan yi tsayi, kafaɗa ce za ta sha wahala. Tebur mai ƙarfi da ya tsaya wajen ƙugunsa ya fi. Ruwan zafin kuma hagu ne zai riƙa zubawa, da ƙaramar buta, dama yana nesa.

Kafin ki biya ko sisi, ki nuna wa likitar gashin bidiyon yadda ake danna injin. Kafaɗar da ta taɓa shanyewa tana da nata sharuɗɗa, ni ban san su ba, ita ta sani. Dannawar takan kai nauyin kilo goma zuwa ashirin, gwargwadon injin da laushin garin. Za ta iya ɗora sikelin awon mutum a kan tebur ya danna da hannu biyu, kowa ya ga inda yake. In ta ce a jira wata guda, a jira.

Yanzu ramin. 'Yata, ki sake karanta shirinki a hankali. Za ki rage wa sandar nauyi a ɓoye, ki miƙa masa, ya ja ta sauka, ki yi murna. Wannan ai murfin kwalbar nan ne kika sake kwancewa, sai dai wannan karon ya fi tsada. Kuma wa za ki yi wa? Mutumin da sanda take gaya wa wuƙa ta dakushe, wanda ya tsaya rabin awa yana yi wa mai shago tambayoyi. Ba zai yi sati bai gane ba. Na farkon ya kai hannun aljihu. Na biyun ban san inda zai kai shi ba, kuma ba na so mu gwada.

Sauƙaƙa wa mutum aiki ba laifi ba ne. Ɓoye masa cewa an sauƙaƙa shi ne cin fuskar. Abin da mai sayarwar ya gaya miki gaskiya ne, kuma shi ne babban alherin wannan injin: nauyinsa a hannun mai niƙa yake. To ki ba mahaifinki wannan ilimin, kada ki riƙe shi. Ki ce masa, Baba, in gari ya yi tsaki-tsaki sandar ba ta nauyi amma kofin salam yake fita, in ya yi laushi tana turjewa kofin kuma ya yi kauri, ga abin murɗawa, kai za ka zaɓi inda za ka fara. Da kansa zai fara daga mai sauƙi, don ma'aikaci ne, ya san ba a fara sabon inji da cikakken lodi. Da kansa kuma zai riƙa matsar da lambar, kuma kowace lamba da ya ci tasa ce, ba wanda ya ba shi sadaka.

Saboda haka babu gidan ƙawa, babu ba-zata. Ki fara da abin da ya fi saye wuya: ke da Mama ku zauna da shi ku ba shi haƙuri a kan kwalbar nan, a fili, ba tare da kare kai ba. Na lura a wasiƙarki ba ki ce kun yi ba. Bayan kwana biyu ki kawo maganar inji, ki faɗi gaskiyarta duka: kin ga yadda ya kalli na shagon, kina so a samu irinsa a gida, kina kuma fatan ya taimaki hannun. Ki jera masa ukun da dalilan da na ba ki, ki ce ya raka ki wajen mai sayarwa, don ya fi ki sanin ƙarfe mai kyau. Wannan ba daɗin baki ba ne, ya fi ki sani ɗin. Ki bar shi ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa, ya kushe, ya wahalar da mai kanti. Injin da ya zaɓa da kansa ba zai yi saurin juya masa baya ba. In ya nace a kan mai sifirin, kada ki yi gardama a kanti, ki ce a kai wa likitar gashi ta raba ku. Ko ba komai kin mayar da shi ɗakinta.

Zai iya cewa ba ya so. Ki shirya wa wannan. In ya faɗa, ki ce to, ki bar maganar, kada ki saya ta bayansa. Mutumin da aka yi wa dabara yakan so ya gwada ko a'a ɗinsa tana da daraja kafin ya ce e. Ina kyautata zaton da kansa zai sake tayar da zancen.

Yayanki kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mai madanni inji ne mai kyau, amsar wata tambaya ce daban, ta yadda Baba zai sha kofi. Ke kuwa tambayarki yadda Baba zai yi kofi ce. Amma tsoronsa na 'yan kallo daidai ne. Ranar farko kada a taru. Kada Yaya ya zo da iyalinsa, kada kowa ya ɗaga waya. Ki tafasa ruwa, ki tabbata komai na wurinsa, ki fita ki ja ƙofa, ki zauna inda za ki ji in ya kira. In sandar ta gagare shi, ta gagare shi shi kaɗai, gobe ya rage laushin gari ya sake.

Ki kuma sani, inji ba magani ba ne. Dannawar rabin minti sau ɗaya a rana ba za ta maye gurbin gashi ba, kuma ba wanda zai yi miki alkawarin iya inda hannun zai dawo. Abin da nake fata injin ya yi shi ne ya ba mahaifinki dalilin son ƙarfin hannunsa, har ya koma wajen likitar da ƙafarsa yana tambayarta me zai yi allurar nan ta ƙara hawa. Kofi ɗaya da likita ya yarje masa kuma yana nan a ɗaya. In yana son ƙarin dannawa, ga ki, ga Mama, ga maƙwabta, sai ya yi muku.

A nan ne naki aikin yake, kuma ya fi duk na baya wuya. Kofunan farko ba za su yi daɗi ba. Na kowa haka suke, nawa sai da na yi sati biyu ina zubarwa. Za su fito da tsami, ko salam kamar ruwan wanke kofi. Zai miƙo miki yana kallon fuskarki. Ki kurɓa, ki ce, Baba, wannan ya yi tsami. Zuciyarki za ta ce ki yaba, kada ki bi ta. Zai harare ki, wataƙila ya ce bakinki ne bai san kofi ba. Sannan zai juya ya kama abin murɗawar nan yana gunaguni. Ki ci gaba da faɗa masa gaskiya kowace safiya, don ranar da kika ce ya yi daɗi, ya san ya yi ɗin.

Allah ya ƙara wa mahaifinki lafiya, ya mayar masa da ƙarfin hannunsa, ya ba Mamanki ladan jinya. Ke kuma Allah ya yi miki albarka, ya bar miki taurin kan nan naki, don a inda ya dace kika sa shi.

Malamarku